Garin Neman Gira An Rasa Ido

A shekarar 1993 aka soma sakin tsarin kwamfuta na Debian, amma a 2006 ne ya yi babban tuntuɓe. Wani mai kula da shi yana duba OpenSSL, manhajar da ke ƙera mabuɗan sirri, sai abin bincikensa Valgrind ya yi ta kukan cewa ana ɗibar lambobi daga gurbin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a rubuta kome ba. Ya cire layi biyu, kuka ya lafa.

Ashe ɗaya layin shi ke cakuɗa lambobi don kada a cinko mabuɗi. Mabuɗan kowane iri suka koma 32,768 kacal, ɓarawo na iya gwada su duka. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano ɓarnar, tilas jama'a suka sake mabuɗai.