Tsagewar Gefen Baki Ba Laifin Hunturu Kaɗai Ba Ne

Da iskar hunturu ta kaɗa sai a fara ganin yara da manya gefen bakinsu ya yi ja ya tsage, in suka yi hamma ko suka kai loma sai jini ya tsattsafo. Yawanci iska ake ɗora wa laifi, a shafa man kaɗanya a jira sanyi ya wuce. Iska tana da nata rabo, amma abin da ke hana ciwon warkewa yawu ne. Mutum ya ji leɓensa ya bushe sai ya lasa, yawun ya taru a lungun baki ya jiƙa fatar, da ya bushe ta sake darewa. A cikin wannan danshi ƙwayoyin cuta irin su Candida da Staphylococcus ke samun wurin zama. Shi ya sa ciwon ke yawan kama tsofaffin da haƙoransu suka zube, da masu haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, da yaro mai tsotson yatsa.

Wani zai ce ƙaramin abu ne, kuma mai yana maganinsa. Ga wanda iska ce kawai ta busar masa da baki, gaskiya ne: Vaseline ko man kaɗanya yana tsare fata daga yawu, cikin kwanaki ta haɗe. Amma wanda nasa ke tafiya ya dawo, ko ya same shi da tsakiyar damina, ba shi da hujjar zargin hunturu. Irin wannan sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, ko rashin bitamin B2 da B12, ko ciwon suga da ba a gano ba, wani lokaci ma raunin garkuwar jiki. Mai juna biyu da ba ta samun hanta, ƙwai, nono, wake ko ganye kamar zogale da alayyafo, mai ba zai maye mata gurbinsu ba.

Haɗarin da ya fi yawa shi ne zuwa kemis a sayi man shafawa na ƙaiƙayi ko na hasken fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin steroid, wanda ke kwantar da jan na ɗan lokaci, ƙwayar cutar kuwa ta ƙara bazuwa. In ciwon ya kai sati 2 bai warke ba, a je asibiti a auna jini da suga, likita ya rubuta man da ya dace da ƙwayar.