Gini Mai Lura Da Mutanensa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin wani gini a birnin Amsterdam ta ƙasar Holan, ana ce da shi The Edge, wanda aka buɗe a 2015.

A cikinsa an dasa 'yan na'urori wajen 28,000 masu auna zafi da haske da danshi da motsin mutane, su kai wa kwamfuta rahoto. In ɗaki ba kowa, sai fitila ta mutu, a rage ɗumama shi ko sanyaya shi. In hasken rana ya wadata, fitila ta rage kanta. Da haka ake tsimin lantarki.

Amma ba a bar wa na'ura hukunci ita kaɗai ba. Kowane ma'aikaci yana iya daidaita haske da ɗumin wurin zamansa da wayarsa ta hannu. Wannan kuwa hikima ce, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In aka bar akawu cikin zufa don tsimi, ko aikinsa ya lalace, ko ya kawo tasa fankar ya kunna, an yi ba a yi ba ke nan.

Saboda haka ina roƙon masu gina ofisoshi da makarantu a ƙasarmu, in za su sayo irin wannan, su yi tsiminsu inda ba kowa, kada su ƙuntata wa na zaune.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu.