Farautar da ba a zubar da jini: Masu ɗaukar hoton daji daga Bagama zuwa Zuma da Gurara

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Bagama ya fi kowa wuce Dutsen Zuma, ya kuma fi kowa rashin kallonsa. Da asuba yake barin Suleja, ya bi ta Madalla da Zuba cikin cunkoson motoci, hankalinsa na kan rajistar sa hannu a Sakateriya. Da almuru yake dawowa a gajiye, dutsen ya riga ya zama baƙar inuwa a gefen hanya. Sau goma a mako ke nan, shekara da shekaru, amma idan aka tambaye shi launin dutsen a watan Agusta da launinsa a watan Janairu, sai ya tsaya tunani.

Daga cikin irin waɗannan ma'aikata ake samun 'yan tsiraru da suka mayar da safiyar Asabar ta zama tasu. Bayan sallar asuba sukan fita su biyu ko uku, wani da kyamara 'yar gwanjo, akasari kuwa da wayar hannu kawai, su nufi bayan gari. Ba hoton biki suke nema ba, kuma babu mai biyan su. Abin da suke farauta shi ne hasken farko a kan dutse, da furen da ba ya wuce mako biyu, da tsuntsun da ba ya jira.

Suleja ta dace da wannan sha'awa, domin kuwa duwatsu da kurmi suna cikin abin da ya kafa ta. Zage-zagin da suka baro Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau a zamanin jihadi mafaka suka zo nema a wannan yanki, har ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin a 1828. Sunan Abuja nata ne kafin a ba sabon babban birnin da aka ƙirƙiro a 1976, ita kuma ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Birnin ya karɓi suna, ya bar mata ma'aikatan da kuɗin hayarsa ya fi ƙarfinsu. Gidajensu ne yanzu ke hawa gangaren da a da gonaki ne da daji.

Zuma ne makarantar farko. Tsayinsa daga gindi ya kai kimanin mita 300, kuma kowa ya san surarsa daga bayan takardar Naira 100 da aka fitar a 1999. Sanin nan shi ne matsalar, don duk wanda ya tsaya a bakin titi ya ɗaga waya, hoton da ke jikin kuɗin zai sake ɗauka. Masu haƙuri sukan sauka daga kwalta, su bi hanyar gona, su sa wani abu a gaban dutsen: itaciyar kaɗanya, ko kan dawa da ya sunkuya, ko balbelu a bayan garken shanu. Da haka ne girmansa ke fitowa. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina ruwa kan gangaro a jikinsa ya bar dogayen zane baƙaƙe, gajimare kuma ya sauko ya naɗa masa rawani. Da hunturu hazo kan shafe shi har ya zama kamar zanen toka. Iska ta fi tsabta washegarin ruwan sama mai ƙarfi, musamman a Satumba da Oktoba, kuma sa'a guda bayan fitowar rana ta fi dukkan sauran yinin daraja. Da hantsi ya dubi ludayi, haske ya yi kaushi, sai a mayar da kyamara jaka.

Furanni kuwa sai an durƙusa. Mutane da yawa sun ɗauka damina ce kaɗai lokacinsu, alhali dajin nan ya fi ba da mamaki da rani. Bayan an ƙone ciyawa, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sai rawaya ta fasa toka ta fito da furenta daf da ƙasa, ba ganye ba reshe, kamar wani ne ya ajiye shi. Daga saiwarta ake samun rini, daga sunanta kuma Hausa ta sami sunan launin. Ɗaya sunan, ruwan ɗorawa, shi ma daga itaciyar wannan daji ya fito. A lokacin ne gurjiya da minjirya ke zubar da ganye su yi ja wur, madobiya kuma ta lulluɓe kanta da fure mai ƙanshi. Da ruwa ya sauka sai albasar kwaɗi ta buɗe a fadama, daga baya gatarin kurege ya hau kan ciyayi da furensa mai kama da harshen wuta, kyakkyawa amma mai dafi.

Akwai fure guda da ke haɗa mai hoto faɗa da mai gona. Ƙuduji, da jan furensa mai ratsin shunayya a tsakanin kunyoyin dawa, yana cikin mafi kyawun abin da kyamara za ta kama a ƙarshen damina. Manomi kuwa ya san shi da tsotse saiwar hatsi har gona ta tashi a tutar babu. Baƙon da ya tsuguna yana yaba shi a gaban mai gonar ya cancanci hararar da zai sha.

Wanda ke da mota da kuɗin mai yakan miƙa hanyar Minna, ya wuce Diko, ya gangara Gurara, inda kogin ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. A Agusta da Satumba ruwan ja ne, rurinsa na hana jin magana, feshinsa na jiƙa gilashin kyamara, duwatsun kuma santsi gare su ƙwarai. Babu hoton da ya kai a matsa bakin gaɓa dominsa. Daga Janairu zuwa Maris ruwan kan ja baya ya yi garau, ƙirar duwatsun ta bayyana. Kaɗan daga cikin masu zuwa ne suka san cewa kogin nan yana bin su har ofis: daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna ake tura ruwa ta bututu zuwa madatsar Usuma, wadda ke shayar da birnin tarayya.

Dabbobi su ne jarrabawa. Manyan namun daji sun daɗe da ƙaura daga kewayen Suleja, saura kurege da hawainiya da damo, sai tsuntsaye. Su ma sun isa aiki, don Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900. Cilakowa kan yi shelar kanta daga kan ɗorawa, ragon maza kan yi gurnani a cikin sarƙaƙiya, shamuwa kan iso gab da faɗuwar damina. Waya ba ta jawo nesa kusa yadda ya kamata, saboda haka dabarar ta maharba ce: tufafi marasa haske, zama wuri guda, rana a bayan mutum, baki a rufe.

A nan ne wasan ke zama aiki. Dattawan da suka yi ƙuruciya a garuruwan Arewa sun san lokacin da ungulu ke cika kan rumfunan mahauta har ana korar ta da dutse. Yau yara da dama ba su taɓa ganin ta ba sai a karin magana. A 2015 aka sanya ta a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma guba da cinikin sassan jikinta don magani na cikin manyan dalilai. Madobiya ma ta sha sara don kai katakonta Chana, har aka sa ta ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai taƙaita irin wannan ciniki a 2017. Buhunan gawayin da ke jere a gefen hanyar Minna itatuwa ne da jiya suke tsaye. Duwatsu kansu ba su tsira ba: bayan girgizar da ta razana mazauna Mpape a Satumbar 2018, sai da hukuma ta dakatar da fasa dutse a yankin. Abin takaicin shi ne yawancin abin da ya ɓace ya tafi ba tare da wani ya rubuta ranar da aka yi masa ganin ƙarshe ba.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa takardar da ba ta da kwanan wata da lambar fayil ba hujja ba ce. Haka hoto yake. Idan yana ɗauke da rana da wuri da sunan abin da aka ɗauka, ya zama shaida. Idan babu, ado ne kawai. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ke tafiyar da aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma da 'yan sa-kai ake yin sa. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mutum ya shafe aƙalla sa'a biyu a cikin gida ɗaya, ya lissafa duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar waya. Don tsirrai da ƙwari akwai iNaturalist, inda masana daga ko'ina ke taimakawa da tantance suna. Abin da masanan nan ba za su iya bayarwa ba shi ne sunan Hausa ko na Gbagyi ko na Koro. Wannan yana bakin tsohuwar da ke tsintar kaɗe da maharbin da ya ajiye baka, kuma sai an gaishe su an zauna ake samun sa.

Gaisuwar ma kariya ce. Yankin da ya ga hare-haren Suleja da Madalla a 2011, ya kuma sha labarin masu garkuwa da mutane a hanyar Kaduna, ba ya kallon baƙo mai kyamara da idon rahama. Masu hankali sukan fara da gidan mai unguwa, su nemi ɗan gari ya raka su, su kauce wa bariki da shingen jami'an tsaro, su dawo kafin azahar. Katin shaidar ofis ba lasisi ba ne, kuma tayar da jirgi maras matuƙi na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai kuma sirrin da ake riƙewa: wanda ya yi sa'ar ganin sheƙar ungulu ba ya wallafa wurin a Facebook, don ba masoyanta kaɗai ke karantawa ba.

Ran Litinin da asuba motar haya za ta sake ɗaukar su daga Bagama. A daidai Madalla, yayin da sauran fasinjoji ke gyangyaɗi, akan ga mutum ɗaya ya goge gilashin taga da hannun riga, yana duba ko gajimaren shekaranjiya na nan a kan dutsen.