Soyayyar Shinkafa Da Kayan Yajin Gida

Duk wanda ya taɓa halartar walima a birni ya san soyayyar shinkafa. Asalinta daga ƙasar Sin ne. Da ta iso gare mu sai aka riƙa yin ta da garin kori da dunƙulen Maggi, har mutane suka zaci in ba kayan kanti ba ta yiwuwa. Wannan kuwa kuskure ne. Da yawa daga cikinmu in mun gama koyon aikin malanta ƙauyuka za a tura mu, inda kasuwa sai mako-mako. To, ya kamata mu san abin da ke ƙofar gidanmu.

Babban cikinsu shi ne daddawa. Yarbawa na kiran ta iru, mutanen Mali kuma sumbala. Da kalwa a ke yin ta, watau 'ya'yan ɗorawa. Sai a dafa kalwar ta daɗe bisa wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a rufe ta kwana 2 ko 3 ta ruɓa. Ruɓar nan ita ke fid da sinadarin da ke sa miya daɗi, irin wanda masu dunƙule ke sawa cikin nasu. Dunƙulen Maggi sai a 1908 aka fara yin sa a Turai, kakanninmu kuwa sun riga sun san wannan daɗi tun da daɗewa.

Bayan daddawa akwai citta, da tafarnuwa, da masoro, da kanumfari, da kimba, da gyaɗar miya. Rawayar nan da kori ke ba shinkafa kuwa, ai kurkum ne ke cikinsa, ga shi nan a kasuwanninmu.

Ga yadda a ke yi wa mutum biyar. A dafa nama ko kaza da albasa, da citta, da tafarnuwa, da gishiri, da kimba guda biyu. A ɗan farfasa kimbar kurum, kada a daka, gama 'ya'yanta na da ɗaci. In nama ya nuna a tsame shi, a tace romon. A wanke shinkafa gwangwanin madara 4, a dafa ta cikin romon tare da rabin ƙaramin cokali na kurkum. Kada ruwa ya yi yawa. Da ta kusa nuna, da sauran ɗan ƙarfinta, sai a sauke, a baza a faranti ta sha iska. Dalili kuwa, shinkafa mai zafi da laima in ta shiga mai caɓewa ta kan yi.

Sa'an nan a ɗora man gyaɗa ya yi zafi sosai. A fara soya albasa, a zuba dakakkiyar daddawa babban cokali guda, a juya har warinta ya kwanta ƙanshi ya tashi. A sa attarugu, da garin masoro, da kanumfari kaɗan, da gyaɗar miya guda wadda aka gasa aka ɓare aka daka. A bi su da karas, da koren wake, da hanta yankakkiya. Daga nan a riƙa zuba shinkafa kaɗan-kaɗan ana juyawa. In kasko ƙarami ne, gara a raba ta kashi biyu. Lawashi shi ne ƙarshen shiga.

Akwai gargaɗi guda wanda lalle mu riƙe. Kada a soya shinkafar da ta kwana a waje cikin zafi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke yaɗuwa cikinta, ta bar dafi mai sa amai, suya kuwa ba ta kashe dafin nan. In babu firiji, a dafa, a soya, a ci ran nan.

Muna fata 'yan'uwa masu koyar da girki za su jarraba wannan da almajiransu. Yaron da ya ga an yi abincin walima da daddawar uwarsa ba zai sake jin kunyarta ba.