Teburin Shayi ko Gonar Shayi: Abin da Alƙaluma Ke Faɗa wa Ɗan Dutse

Da sallame sallar asuba a Dutse, wurin da ke fara cika shi ne bencin mai shayi. Buta na tafasa a kan gawayi, gwangwanayen madara a jere, shi kuma yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce. Wani ya ce a haɗa masa kauri, wani ya ce ruwan bunu ya ishe shi. Matashin da ya tara ɗan jari zai iya kallon wannan ciniki ya ce: tunda ganyen nan kullum ana shan sa, me zai hana in noma shi maimakon in tsaya dafawa? Kafin a ba shi amsa, bari a baje lissafin a faifai.

Ruwa: milimita 1,200 da 900

Itacen shayi yana son ruwan sama aƙalla milimita 1,200 zuwa 1,500 a shekara, kuma ya riƙa sauka kusan duk shekara. Yana son sanyi-sanyi, tsakanin digiri 18 zuwa 30, da ƙasa mai tsami. A Dutse da kewayenta, Kiyawa, Jahun har zuwa Ringim, ba kasafai ruwan shekara ke wuce milimita 900 ba, kuma kusan dukansa yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40.

A ɗauki giɓin ruwan a milimita 500. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce, wato ana neman ƙarin lita miliyan 5 kenan a shekara. In da jarkar 'yan garuwa mai lita 25 za a auna, jarka 200,000 ce. Ko an haƙa rijiyar burtsatse an samo ruwan, ba wanda zai sayo wa gonar sanyi a tsakiyar bazara.

Shi ya sa shayin Nijeriya yake can tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, inda tudun ƙasa ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. A Kakara da ke kan tsaunin ne ake sarrafa ganyen Highland Tea. Dutse kuwa, duk da duwatsun da suka ba ta suna, ba ta kai mita 500 ba.

Lokaci: shekara 3 da yini guda

Ko a inda yake yi, shayi ba noman mai gaggawa ba ne. Dashe yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin a fara tsinka sosai. Daga nan sai a riƙa bi ana tsinkar toho da ganye biyu na sama duk bayan kwana 7 zuwa 14, kuma dole ganyen ya isa masana'anta cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ya lalace. Manomin da ba ya kusa da masana'anta, ciyawa kawai ya noma. Ladan haƙurin shi ne itacen yana iya haura shekara 50 yana ba da ganye.

Jarin mai shayi kuwa ba ya daɗewa. Burodin da ya karɓa da yamma, kafin hantsi ya koma kuɗi.

Giram 2 a kofi

Nan ne lissafin ya fi daɗi. Ƙullin ganyen shayi ɗaya, irin na Lipton, kimanin giram 2 ne, don haka kilo ɗaya na busasshen ganye yana ba da kofi 500. Kafin a samu wannan kilo, sai an tsinko ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 4 da rabi.

A Kenya, wadda ke fitar da sama da tan 500,000 a shekara, hekta ɗaya takan ba da kimanin kilo 2,000 na busasshen ganye. Kofi miliyan ɗaya kenan. Yanzu a ce mai shayi yana sayar da kofi 100 a rana. Giram 200 yake buƙata, a shekara kilo 73. Hekta ɗaya tak za ta riƙe teburin masu shayi 27 har shekara ta zagayo.

Ma'anar wannan ita ce, a cikin kuɗin da ka miƙa wa mai shayi, rabon ganye shi ne mafi ƙanƙanta. Kuɗin yana cikin madara da sukari da burodi da wainar ƙwai da indomi, da gawayi, da kuma tsayuwar mutum tun duhun asuba. Manoma ƙanana sama da 600,000 da ke kai ganye masana'antun hukumar bunƙasa shayi ta KTDA a Kenya, farashinsu a kasuwar gwanjon Mombasa ake yanke shi, ba su da ta cewa. Mai shayi shi ke faɗin kuɗin kofinsa.

Kashi 34.8: inda teburi ke yoyo

Kada wannan ya sa a ɗauka teburi ba ya da nasa ciwon. Yawancin alkamar da ake burodi da indomi da ita, da garin madara, daga waje ake shigo da su. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira ta nemi kanta a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Duk wannan a kan teburin mai shayi ya sauka, alhali mai zama bencinsa ɗan acaɓa ne, lebura ne, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ne, ko ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne. Ƙara masa naira 50 a kofi sai an yi shawara.

Ga kuma bashi, wanda aka ce hanji ne. A ce ribar kofi kashi ɗaya ce cikin biyar na kuɗinsa. Duk kofin da aka sha aka ce “rubuta” ba a dawo ba, ya cinye ribar kofi huɗu kafin uwar kuɗi ta dawo. Teburi da yawa ba rashin ciniki ke tashin su ba, littafin bashi ne.

Wata 5: shayin da ƙasarmu ta yarda da shi

Wanda zuciyarsa ke kan noma, akwai abin da ake jiƙawa a sha wanda ƙasar Jigawa ba ta ƙi. Zoɓo yana jure ƙarancin ruwa da ƙasa mai yashi. A shuka shi da damina, cikin wata 5 zuwa 6 a ɓare shi, a shanya, a zuba a buhu. Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba wajen noma shi, kuma daga kasuwanni irin Maigatari yake kama hanya zuwa Meziko da Turai, inda ake sayar da shi a matsayin abin sha da shayin ganye. Shi ma yana da sharaɗi: Meziko ta taɓa dakatar da sayen na Nijeriya saboda ƙwari, don haka tsabtar shanya da ajiya ita ce farashi.

Ga hukuncin alƙaluman: mai ƙaramin jari da ke son kuɗin cefane kullum ya kafa teburi a inda ƙafa ke yawa, ya kuma sa wa bashi iyaka tun ranar farko. Mai gona ya shuka zoɓo. Wanda ya nace sai itacen shayi, to, ya ɗaura niyyar hawa Mambila, domin a Dutse shayi dafa shi ake yi, ba shuka shi ba.