Share Ƙofofin Iska na Murhun Gawayi

In hunturu ya kankama a watan Disamba da Janairu, mutanen Kawo da Unguwar Rimi sukan shiga ɗaki da murhun gawayi. Wuta kuwa ba ta ci sai da iska. In toka da ƙura suka toshe ƙofofin ƙasan murhu, gawayi yakan ci a shaƙe, ya fid da iska mai guba marar wari, wadda kan halaka mai barci.

Lalle ne Hakimai su sa a yi shela: kowace safiya, in murhu ya huce, a zubar da toka, a tsokace ƙofofin da tsinke. Kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ko da an share murhun.