Yadda Malami Zai Saita Kwas a Google Classroom da Moodle Ba Tare da Ya Cuci Ɗalibansa Ba

Tun bayan rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba da jinga ta intanet ya daina zama baƙon abu a Arewa. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta daɗe tana karɓar aikin ɗalibanta ta intanet, haka ma Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yanzu kuma masu darasin yamma da masu shirya yara wa jarrabawar JAMB sun fara bin sahu.

Manhajoji biyu ne suka fi shahara a wannan fanni. Akwai Google Classroom da ya fito a 2014, sai Moodle wanda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, wanda makaranta ke ɗorawa a kan sabarta. Buɗe kwas a kowannensu abu ne na 'yan mintuna. Inda matsala take shi ne saitin da manhajar ke zuwa da shi, domin an tsara shi ne da tunanin ɗalibi mai kwamfutarsa da wuta da intanet da ba ya yankewa. Ɗalibin da ke Yammedi ko Turawa a Ƙaraye, ko Zarewa da Fulatan a Rogo, wanda yake aron wayar yayansa, yake kai ta wurin masu caji, wannan saitin zai iya kayar da shi alhali ya san amsa. Ga wuraren da ya kamata malami ya duba kafin ya tura aikin farko.

Ƙofar shiga aji

A Google Classroom kowane aji yana da lambarsa, kuma duk wanda ya samu lambar zai iya shiga. Da zarar an jefa ta a zauren WhatsApp, to ta fita daga hannun malami. Saboda haka idan ɗalibai sun gama shiga, sai ya buɗe saitin ajin ta alamar nan mai kama da faranti mai haƙora, ya kashe lambar ko ya sabunta ta. Waɗanda suka riga suka shiga ba abin da zai same su.

A wuri ɗaya ne kuma ake zaɓar wanda zai iya rubutu a allon sanarwa: ko ɗalibai su yi rubutu su yi sharhi, ko sharhi kawai, ko kuma malamai kaɗai. Zaɓi na tsakiya ya fi dacewa da aji mai yawa, don kada gaisuwa da barkwanci su binne sanarwar jinga.

A Moodle kuwa, idan an bar ɗalibai su yi wa kansu rajista, akwai gurbin sa kalmar sirrin shiga kwas. Barin gurbin babu komai yana nufin duk mai asusu a shafin makarantar zai iya faɗowa cikin kwas ɗin.

Wani abin lura shi ne, Google ya tanadi asusu na musamman ga makarantu, kuma mai buɗe aji da Gmail ɗinsa na kansa sai ya amince cewa ba a makaranta zai yi amfani da shi da ɗalibai ba. Makaranta mai rajista gara ta nemi wancan asusun.

Agogo da wa'adi

Abu na farko a Moodle shi ne agogon shafin. Najeriya tana gaban agogon duniya na GMT da awa ɗaya, kuma a cikin jerin ƙasashe sunan Legas ne ke wakiltarta. Idan aka bar shafin a kan agogon Landan, zai yi daidai da na Kano daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kawai, domin Birtaniya tana sauya agogonta sau biyu a shekara. Daga nan gwajin da aka sa ƙarfe 8 sai ya buɗe ƙarfe 9, ɗalibai na zaune cajinsu na ƙarewa.

Na biyu, Moodle yana da ranaku biyu da malamai ke yawan ruɗawa. Akwai ranar wa'adi, wadda idan ta wuce ɗalibi zai iya miƙa aiki amma za a rubuta cewa ya makara. Akwai kuma ranar rufewa, wadda bayanta maɓallin miƙa aiki yake ɓacewa baki ɗaya. Malamin da ya sa su a lokaci ɗaya ya rufe ƙofa ga duk wanda sabis ya yaudara na minti biyar. Abin da ya fi shi ne a bar tazarar kwana ɗaya ko biyu a tsakaninsu. Wanda ya makara malami zai gan shi, ya yanke hukunci da kansa maimakon na'ura ta yanke masa. Google Classroom shi ma yana karɓar aikin da ya makara, sai fa idan malami ya danna zaɓin rufe karɓa bayan wa'adi.

Lokacin da aka zaɓa shi ma yana da tasiri. Idan malami ya sa rana kawai a Google Classroom, wa'adin yana faɗawa ne 11:59 na dare. A garin da wutar KEDCO ba ta da tabbas, a wannan lokacin wayoyi da yawa sun riga sun mutu. Ƙarfe 5 na yammacin washegari ya fi adalci. A kuma kauce wa lokacin sallar Juma'a da ranar kasuwar garin, sannan da damina a tuna cewa yara da dama suna gona da safe.

Girman fayil

Yawancin ɗalibai a takarda suke yin jinga, sannan su ɗauki hotonta. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5. Idan malami ya ƙayyade girman fayil a Moodle a kan megabait 1 ko 2, hoton ba zai shiga ba, yaron kuma bai san dalili ba. Idan kuma aka bar kowa ya turo yadda ya ga dama, shafi biyar zai ci kusan megabait 20, a daidai lokacin da data ta yi tsada tun bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025.

Mafita ita ce a ɗaga iyakar zuwa kamar megabait 10, a yarda da fayil fiye da ɗaya, sannan a nuna wa ɗalibai yadda ake haɗa hotuna su zama PDF guda da manhajar Google Drive. Aikin da amsarsa gajera ce kuwa, a kunna zaɓin rubuta amsa kai tsaye a akwatin shafin, wanda kusan ba ya cin data.

Gwaji mai ƙidayar lokaci

A nan ne aka fi cutar da ɗalibai. Agogon gwaji a Moodle a kan saba yake tafiya, ba a cikin waya ba. Ko sabis ya ɗauke, ko wayar ta mutu, lokaci na ci gaba da ƙarewa. Akwai saitin da ke faɗa wa manhajar abin da za ta yi idan lokacin ya cika. Ɗaya daga cikin zaɓin shi ne a watsar da duk gwajin da ba a miƙa ba. Wannan a guje masa. A zaɓi wanda ke miƙa amsoshin da aka riga aka ajiye da kansa.

Moodle yana ajiye amsa duk sanda ɗalibi ya wuce shafi na gaba. Tambaya 40 a shafi ɗaya kasada ce, tambaya ɗaiɗai a kowane shafi kuma tana sa a yi ta jiran sabis sau 40. Tambaya huɗu ko biyar a shafi ta fi.

A ba da damar gwadawa sau biyu, a kuma ɗauki makin da ya fi yawa. Mai tsoron satar amsa yana da magani biyu: ya kunna cakuɗa tambayoyi da zaɓin amsoshi, sannan ya hana nuna amsar daidai har sai an rufe gwajin ga kowa. Idan ba haka ba, wanda ya fara gamawa zai ɗauki hoton amsoshin ya tura zaure.

Manhajar Moodle ta waya tana kuma ba da damar sauke gwaji a amsa shi ba tare da intanet ba, amma sai malami ya kunna zaɓin, kuma ba ya aiki ga gwaji mai ƙidayar lokaci. Idan ɗalibi ɗaya ne ya samu matsala, ba sai an sauya wa kowa lokaci ba, akwai wurin ƙara wa mutum ɗaya ko rukuni ɗaya wa'adi.

Masu haɗa gwaji da Google Forms su sani cewa zaɓin amsa ɗaya ga mutum ɗaya da asusu yake aiki. 'Yan gida ɗaya masu waya ɗaya dole kowa ya koma asusunsa kafin ya fara, in ba haka ba na biyun zai tarar an ce ya riga ya amsa.

Lissafin maki

Google Classroom yana da hanya biyu ta fitar da jimillar maki: tara duka makin wuri ɗaya, ko raba shi kashi-kashi. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. A ɗauka tsarin makaranta shi ne 30 na jinga, 70 na jarrabawa, irin na NOUN. Malami ya ba da jinga 10, ya bar kowacce a kan maki 100 da manhajar ke sawa, jarrabawa ita ma 100. Ɗalibi ya ci 900 cikin 1,000 a jinga, ya ci 40 a jarrabawa. Idan aka tara, 940 cikin 1,100 ne, wato kusan 85. Idan aka raba kashi-kashi, 27 ne da 28, wato 55. Ɗalibi ɗaya, aiki ɗaya, tazarar maki 30. Don haka a ƙirƙiri rukunan tun farkon zango, jimillarsu ta cika 100, a kuma sa kowane aiki a rukuninsa.

Abin da ba ya gyaruwa daga baya

Wasu saituka sai kafin a tura aiki. A Google Classroom, zaɓin yi wa kowane ɗalibi kwafin takarda nasa ba ya fitowa bayan an riga an tura. A Moodle, da zarar mutum ɗaya ya fara gwaji, ba a ƙara tambaya ko cire ta sai an goge abin da ya yi. Shi ya sa yake da kyau malami ya fara duba kwas ɗin da idon ɗalibi. Moodle yana da wurin sauya matsayi zuwa na ɗalibi, a Google Classroom kuma sai ya shiga da wani asusun, a ƙaramar waya, da data irin ta yaran.

Idan zango ya ƙare, a adana ajin Google Classroom a ma'ajiya maimakon a goge shi, ɗalibai za su ci gaba da ganin aikinsu ba tare da sun iya sauya komai ba. A Moodle kuwa, a sauke makin a kuma yi ajiyar kwas ɗin kafin a danna share shi don sababbin ɗalibai, domin wannan maɓallin yana iya tafiya da maki da duk aikin da aka miƙa.